Yadda Za Ku Gamsar da Hukumar Shige da Ficen Amurka Cewa Aurenku na Gaskiya Ne

Idan ɗan ƙasar Amurka, ko wanda ke riƙe da katin zama na dindindin da aka fi sani da girin kad, ya yi aure a gida, kuma yana son matarsa ta taso daga Kano ko Damagaram ko Kumasi ta tare a wurinsa, matakin farko shi ne ya cike fom mai lamba I-130 ya miƙa wa USCIS, hukumar da ke kula da shige da fice da ba da izinin zama ɗan ƙasa. Akwai wani ƙaramin fom, I-130A, mai ɗauke da bayanan matar, wanda ake haɗawa da shi. Haka abin yake idan matar ce ke can tana nema wa mijinta. Tun daga watan Afrilun 2024 kuɗin shigar da wannan buƙata dala 675 ne ga wanda ya aika ta takarda, dala 625 ga wanda ya cike ta intanet. Cike fom ba shi da wata wahala. Inda aikin yake shi ne amsa tambayar da jami'i zai riƙe a ransa tun daga shafin farko har ranar intabiyu: lokacin da aka shafa fatiha, shin mutanen nan biyu zaman aure suka nufa, ko kuwa domin takardar zama kaɗai aka ɗaura?

Wannan jami'i bai halarci ɗaurin aurenku ba, bai ga taron da ya cika ƙofar gida ba, bai ji sanƙira yana shelar sadaki ba. Aurenmu shaidunsa mutane ne, kuma a bakin mutane labarinsa yake zaune, shi kuwa jami'in abin da ke cikin fayil kaɗai yake gani. Saboda haka aikinku shi ne ku mayar da abin da dukan unguwa ta sani ya koma takarda, ba tare da kun ƙara masa gishiri ba, kuma ba tare da kun yi masa kwaskwarima don ya yi kama da auren Amurkawa ba. A yawancin lokuta doka ba ta neman hujjar da babu ko ɗigon shakka a cikinta. Abin da take nema shi ne hujjarku ta rinjayi kokwanto, wato mai dubawa ya ga cewa gaskiyar auren ta fi akasinta ƙarfi. Ma'aunin yana yin tsauri ne a wasu wurare, misali idan an yi auren a lokacin da ake shari'ar korar ɗayansu daga ƙasar, ko kuma idan mai nema shi ma ta hanyar wani auren ya samu girin kad ɗinsa kuma shekara 5 ba ta cika ba.

Kafin a zo maganar ko auren na gaskiya ne, sai an fara tabbatar da cewa aure ne a idon doka. Ƙa'idar Amurka ita ce auren da ya inganta a ƙasar da aka ɗaura shi ya inganta a wurinta, in dai bai ci karo da dokokinta ba. Auren Musulunci da na gargajiya da na rajista duk dokar Najeriya ta san da su, amma dole a samo takardar shaida daga hukumar da ta dace. Ma'aikatar Harkokin Wajen Amurka tana da shafi na kowace ƙasa da ke bayyana irin takardun aure da saki da haihuwa da take karɓa da inda ake samunsu, kuma ya kamata a karanta shi kafin a biya kowa ko sisi. Idan takardar an yi ta ne shekaru bayan ɗaurin auren, kamar yadda yakan faru, kada a nemi a mayar da kwanan watanta baya. A bar ta da kwanan watanta na gaskiya, a rubuta gajeren bayani kan dalilin jinkirin, a haɗa da katin gayyata da hotunan ranar.

Akwai wani sashe na dokar shige da ficen Amurka da ya shafe mu fiye da yawancin al'ummomi, kuma mutane da yawa ba su san da shi ba. Dokar ta ce idan ango da amarya ba su kasance a gaban juna ba lokacin ɗaurin aure, ba za a ɗauke su miji da mata ba har sai sun haɗu sun yi kwanan aure bayan ɗaurin. To, ku dubi yadda muke yi. Waliyyin amarya ne ke bayarwa, wakilin ango ne ke karɓa, amarya tana cikin gida tare da ƙawayenta, ango kuwa wani lokaci yana birnin New York ko Greensboro yana sauraro ta waya. A addini da al'ada auren ya ɗauru sarai, amma wanda ya yi gaggawar shigar da I-130 kafin ya zo gida ya ga matarsa, za a iya ƙin buƙatarsa tun daga tushe. Haɗuwar da aka yi kafin ɗaurin aure ba ta shiga lissafi. Abin da za a nuna shi ne an kasance wuri ɗaya bayansa: hatimin shiga da fita a fasfo, tikitin jirgi da katin hawa jirgi, rasit ɗin masauki ko na hayar gidan da amarya ta tare, da hotunan da aka ɗauka a wannan zuwan. Ko da ango yana gari ranar ɗaurin auren, ina ba da shawarar a rubuta sakin layi ɗaya da ke bayyana cewa a al'adarmu wakilai ne ke ɗaura aure, sannan a nuna ranar da aka kai amarya, domin kada jami'i ya dubi hotuna ya ga maza zalla ya shiga tambayar ina amaryar take.

Sai maganar auren baya. Duk wanda ya taɓa aure, namiji ko mace, dole ya kawo shaidar cewa wancan auren ya ƙare kafin a ɗaura wannan, ko dai takardar saki ko takardar shaidar mutuwa. Sakin da aka furta a tsakar gida, ko aka rubuta a ƴar takarda aka ba mace ta tafi da ita gidansu, yana bukatar a kai shi kotu a samo takardar da ke tabbatar da shi. Wanda yake zaune a Amurka ya saki matarsa ta can ta hanyar addini kawai, ba tare da kotun jiharsa ta raba auren ba, har yanzu mai aure ne a idon hukuma. Amurka ba ta amince da auren mace fiye da ɗaya ba, kuma matar farko kaɗai take ɗauka a matsayin mata. Sakin uwargida daga baya ba ya gyara matsayin auren da aka ɗaura tana gidan, saboda abin da ake dubawa shi ne halin da ake ciki ranar ɗaurin. Ina kuma jan kunnen masu tunanin yi wa uwargida sakin takarda alhali zaman aure na nan, domin a samu hanyar kai amarya. Wannan yaudarar hukuma ce, sannan zalunci ne ga matar da za a bar ta ba ta san matsayinta ba. Auren zumunci shi ma yana son a yi tambaya tukuna, domin wasu jihohin Amurka sun haramta aure tsakanin ƴaƴan wa da ƙani, kuma ana duba dokar jihar da ma'auratan za su zauna. A waɗannan wurare uku, kuɗin da aka ba lauyan shige da fice ba asara ba ne.

Idan auren ya tsaya da ƙafafunsa a doka, sai a shiga tara shaidar zaman tare. Umarnin da ke tare da fom I-130 ya ambaci irin abin da ake so: dukiyar da aka mallaka tare, yarjejeniyar haya mai sunan mutum biyu, shaidar haɗa kuɗi, takardun haihuwar ƴaƴan da aka haifa, takardun rantsuwa daga mutanen da suka san auren, da duk wata takarda da ke nuna aure na tafiya. Ma'auratan da ke zaune tare a Amurka abin ya fi zo musu da sauƙi. Su sa sunayensu biyu a takardar haya, su buɗe asusun banki na haɗin gwiwa wanda da gaske daga cikinsa ake biyan haya da wuta da cefane, su sa juna a inshorar lafiya da ta mota, kuma adireshin da ke lasisin tuƙin kowannensu ya zama ɗaya. Asusun da aka buɗe mako biyu kafin intabiyu aka ajiye dala 50 a ciki ba ya gamsar da kowa. Takardar haraji kuwa tana da nauyi na musamman, kuma a nan ne da yawa ke tuntuɓe: mutum ya yi aure a gida shekara biyu da suka wuce amma yana ci gaba da cike harajinsa a matsayin marar aure. Jami'i zai tambayi dalilin da ya sa ya gaya wa wata hukumar gwamnati ba shi da mata, ya zo yana gaya wa wata yana da ita. Wanda ya riga ya yi wannan kuskure ya nemi mai cike haraji ya gyara masa kafin ya ci gaba.

Ga waɗanda teku ta raba, wato akasarinmu, babu haya ɗaya kuma babu asusu ɗaya, kuma hukumar ta san haka. A nan shaidar ita ce yadda ake riƙe aure daga nesa. A ɗauki misalin magidanci mai tuƙin tasi a unguwar Bronx ta birnin New York wanda kowane wata yake aika kuɗin cefane, amma ta hannun wani ɗan kasuwa da yake ba dala a can, shi kuma yaronsa ya kai wa ƙanin magidancin naira a gida, ƙanin ya sayi shinkafa da mai ya kai wa matar. Shekara uku yana ciyar da iyalinsa ba fashi, amma babu takarda ko ɗaya mai sunansa da nata a kai. Da zai riƙa aika ko da wani ɓangare na kuɗin ta Western Union ko MoneyGram ko banki, kai tsaye zuwa asusun matar da sunanta, da cikin shekara ɗaya ya tara rasit 12 a jere. Jerin nan ya fi babban kuɗin da aka tura sau ɗaya daraja, domin yana nuna ɗawainiyar da aka ɗauka aka ɗore a kai.

Haka ma hirar WhatsApp. Ba a bukatar a buga shafi 500. A zaɓi shafi biyu ko uku daga kowane wata, tun daga lokacin neman aure har zuwa yau, inda kwanan wata da lambar waya suka fito, a haɗa da jerin kiran da aka yi. Kada a zaɓi kalaman soyayya kaɗai. Maganar kuɗin makarantar yaro, da rashin lafiyar surukuwa, da gyaran famfo, da ɗan saɓanin da aka yi aka shirya, su ne suka fi kama da aure. Tunda hirar da Hausa take, ga ƙa'idar da ba a ɗaga wa kowa ƙafa a kanta: duk takardar da ba da Turanci take ba sai an fassara ta gaba ɗaya, mai fassarar kuma ya sa hannu cewa fassarar cikakkiya ce, daidai take, kuma ya iya harsunan biyu. Wannan ya haɗa da takardar aure ta Larabci ko ajami, da takardun Faransanci na Nijar da Kamaru da Chadi.

Hotuna suna taimakawa idan an yi musu bayani. Hoto 20 zuwa 30 da suka ratsa lokuta daban-daban sun wadatar: kai lefe, kamu, walima, buɗar kai, zuwa gaida iyaye, Sallah, suna. A ƙarƙashin kowanne a rubuta kwanan wata da wuri da sunayen waɗanda ke ciki da dangantakarsu. Hoton ango a durƙushe gaban mahaifin amarya, ko amarya a tsakiyar ƴan'uwan miji, ya fi hoton situdiyo goma, domin auren da aka yi don takarda ba kasafai ake shigar da iyaye cikinsa ba. Kalanda da sitika da jakunkunan da aka raba wa mahalarta biki, masu hoton ango da amarya da kwanan wata, su ma shaida ne, kuma kusan kowane gida akwai ragowarsu a cikin durowa. Idan Allah ya ba da haihuwa, takardar haihuwa daga Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa mai sunan uba da uwa tana cikin mafi ƙarfin abin da za a gabatar, tare da katin awon ciki da rasit ɗin asibiti.

Takardar rantsuwa ita ce hanyar da shaidun nan namu na baki za su shiga fayil. Kowace takarda dole ta ƙunshi cikakken sunan mai rantsuwa, da adireshinsa, da ranar haihuwarsa da inda aka haife shi, da dangantakarsa da ma'auratan, da bayanin yadda aka yi ya san abin da yake faɗa. A nemi waliyyi, da limamin da ya ɗaura, da aminin ango, da wata gwaggo ko ƙawa da ta raka amarya ɗakinta, kowa ya faɗi abin da idonsa ya gani da kalmominsa. Wanda ya ce shi ne ya karɓi sadaki ya ƙirga a gaban jama'a ya miƙa, ya ambaci adadin da masallacin, ya fi wanda ya ce ya san su mutanen kirki ne masu ƙaunar juna. Babban kuskure shi ne a ba mai buga takardu a bakin kotu ya rubuta guda ɗaya ya sauya sunaye sau biyar. Jami'an nan suna karanta irinsu kullum, kuma da sun ga jimla ɗaya ta maimaitu a bakin mutum biyar, duk takardun sun zube.

Auren haɗi, wanda iyaye suka shirya kuma ma'auratan suka amince, ba laifi ba ne a wurin hukumar, saboda haka babu dalilin ƙirƙiro labarin haɗuwa a jami'a ko a Facebook. A faɗi yadda aka yi: wane ne ya fara kawo maganar, yaushe aka fara gaisawa ta waya, yaushe aka kai kuɗin gaisuwa, yaushe aka sa rana. Abin da ba a karɓa shi ne auren dole. Idan akwai tazarar shekaru mai yawa, ko an yi auren cikin ɗan lokaci da sanin juna, gara ku ku fara kawo bayanin da kanku a wasiƙar da za ku ɗora a saman fayil, maimakon ku jira a tambaye ku.

Kafin a aika komai, a zauna a tuno duk fom ɗin da ɗayanku ya taɓa cikewa na neman bizar Amurka. Mutane da yawa sun taɓa ba wani ejan ya cike musu neman bizar ziyara, shi kuma ya rubuta cewa suna da aure da ƴaƴa biyu alhali ko baiko ba a yi ba, wai don a yarda za su dawo. Wannan bayani yana nan a ajiye a kwamfutar ofishin jakadanci, kuma ranar intabiyu za a tambayi ina waccan matar da ƴaƴan. Ƙarya a neman biza tana iya jawo haramcin shiga ƙasar na har abada, saboda haka wanda ya san yana da irin wannan tabo ya gaya wa lauya tun kafin ya shigar da buƙata. A kuma daidaita rubutun suna da ranar haihuwa a dukan takardu, domin Muhammad a fasfo da Mohammed a takardar aure da Mamman a takardar makaranta suna bukatar takardar rantsuwa da ke cewa mutum ɗaya ne. Fom ɗin biza na DS-260 yana tambayar sunayen da mutum ke amfani da su a shafukan sada zumunta cikin shekara 5 da suka wuce, don haka abin da shafinku ke nunawa game da aurenku kada ya saɓa wa abin da fayil ke faɗa.

Idan USCIS ta amince, fayil zai wuce Cibiyar Biza ta Ƙasa da ke Portsmouth a jihar New Hampshire, inda za a karɓi fom I-864 na ɗaukar nauyi, wanda ke bukatar kuɗin shigar mai nema ya kai kashi 125 cikin 100 na ma'aunin talauci na gwamnatin tarayya. Daga nan sai intabiyu, wanda ga ƴan Najeriya a ƙaramin ofishin jakadanci na Legas ake yi. Tsakanin shigar da buƙata da wannan rana yakan ɗauki lokaci mai tsawo, saboda haka a ci gaba da tara rasit da hotuna, a je da sababbi tare da ainihin takardun da aka aika kwafinsu. A kuma sani cewa a watan Yunin 2025 gwamnatin Amurka ta sanya takunkumin shiga ƙasar kan wasu ƙasashe da suka haɗa da Chadi da Sudan, a watan Disamba kuma ta faɗaɗa shi ya shafi Nijar da Najeriya, don haka a duba shafin ofishin jakadanci a ga matsayin bizar ma'aurata a lokacin da ake ciki.

A wurin intabiyu, kunyar da muke yabon mace da ita tana iya zame mata cikas. Matar da ta tashi ba ta faɗin sunan mijinta, sai dai ta ce maigida ko baban wane, za a tambaye ta cikakken sunansa, da ranar haihuwarsa, da aikinsa, da garin da yake zaune, da ko ya taɓa aure, da sunayen ƴaƴansa na baya. Idan ta sunkuyar da kai ta yi shiru, jami'in da bai san alkunya ba zai ɗauka ba ta sani ba ne. Ya kamata miji ya zauna da matarsa ya gaya mata waɗannan abubuwa filla-filla, har da waɗanda bai saba faɗa ba, kamar nawa yake samu da wanda yake zaune da shi a gida. Wannan sanin juna ne, kuma ya sha bamban da haddar amsa. Abin da ba a sani ba a ce ba a sani ba, abin da aka manta a ce an manta, domin amsar da aka ƙaga ita ce ke karo da ta ɗayan. A cikin Amurka, idan jami'i ya yi kokwanto, yakan raba miji da mata ya yi wa kowa tambayoyi iri ɗaya, kamar wa ya fara tashi yau da abin da aka ci jiya da dare, sannan ya gwada amsoshin, kuma hukumar tana da sashen bincike da kan kai ziyara gida ba tare da sanarwa ba.

Idan USCIS ta aiko da wasiƙar neman ƙarin hujja, wannan ba ƙin buƙatar ba ne. A karanta abin da aka nema, a amsa shi ɗaya bayan ɗaya, a mayar kafin ranar da aka gindaya, domin ba a ƙara wa'adi. Idan kuwa aka tabbatar auren na bogi ne, hukuncin yana kai wa ɗaurin shekara 5 da tarar dala 250,000, kuma ba za a sake amincewa da wata buƙata irin wannan da aka shigar domin mutumin ba, ko da daga baya ya yi auren gaskiya. Wanda aurensa bai cika shekara 2 ba a ranar da ya samu izinin zama, katin shekara 2 mai sharaɗi za a ba shi, bisa dokar da aka kafa a 1986. A cikin kwana 90 na ƙarshe kafin katin ya ƙare, miji da mata za su cike fom I-751 na neman cire sharaɗin tare, su sake gabatar da shaidar zaman da suka yi a waɗannan shekaru biyu. Saboda haka daga ranar da amarya ta sauka a filin jirgi, a sa sunanta a takardar haya da asusun banki da inshora, a kuma tanadi jaka guda da za a riƙa jefa kowane rasit a ciki.